Na'ura ba ta da littafin ayyuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta fara zama ruwan dare, kuma tana ba ni tsoro: "Ai ba ni ba ne, kwamfuta ce ta yanke." An hana mutum aiki, kwamfuta ce. An ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, nan ma kwamfuta. To, mala'ikun da ke rubuta ayyuka ba a wakilta su a kan manhaja ba. Ranar da za a miƙa littattafai, wanda ya ƙera ta da wanda ya yi aiki da ita ne za su miƙa hannu. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 70, lalle Ya karrama 'ya'yan Adam. Inda karamcin yake, nan nauyin yake.

Ku tuna mutanen Madyana. Annabi Shu'aibu (AS) ya yi ta jan kunnensu kan tauye mudu da sikeli, suka ƙi ji, aka halaka su. Ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar kwamfuta da ake koya wa yanke hukunci kamar mutum, ita ma sikeli ce, sai dai ita mutane take aunawa: wa ya cancanci aiki, wa ya yi kama da ɓarawo, wa za a yarda da shi. Kuma an kama ta tana tauyewa. A 2018 wata mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Joy Buolamwini, ta gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni. A kan maza farar fata kuskurensu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙar fata kuwa ya kai kusan kashi 35. Wani zai ce ai lissafi ne kawai. A watan Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama wani magidanci baƙar fata a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, suka tsare shi kusan awa 30 kan satar agoguna, don manhaja ta ce fuskarsa ce. Ba shi ba ne. Wa zai biya yaran nan abin da idonsu ya gani?

Ruwa ba ya tsami banza. Na'urar ba ta ƙin kowa, ba ta son kowa. Abin da aka ɗura mata shi take maimaitawa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kamfanin Amazon ya taɓa koya wa wata manhaja zaɓen ma'aikata da takardun neman aiki na shekara 10, galibinsu na maza, sai ta koyi danne takardun mata, har dole aka jingine ta. Son zuciyar jiya ne aka zuba a kwamfuta, ya fito sanye da rigar adalci.

Akwai kuma gumin da ba a gani. A farkon 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikata a Kenya sun yi ta karanta ƙazaman rubuce-rubuce na kisa da fyaɗe don a tsabtace ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyin mutane, a kan ƙasa da dala 2 a awa. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Duk mai gina irin wannan fasaha ya tambayi kansa a kan wuyan wa ya gina ta.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce a guje ta ba. Kalmar algoritim kanta, wato jerin matakan lissafin da manhaja ke bi, daga sunan Al-Khawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ilimi kayanmu ne. Kuma duniya ta fara farga: a Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idojin ɗa'a kan wannan fasaha, Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2024. Madalla. Amma doka ba ta shiga ɗakin da injiniya yake shi kaɗai cikin dare, yana ganin aibi a aikinsa, yana shawarar ya faɗa ko ya rufe. A nan tsoron Allah ne kaɗai ɗan sanda. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu."

Mu ma masu latsa waya ba mu tsira ba. Yau ana haɗa muryar malami da hotonsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, mu kuma mu tura gaba kafin mu gama kallo, alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce mu bincika. Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne mai tambayar manhaja hadisi. Tana iya ƙago matani da sunan littafi da lamba, cikin lafazi mai daɗi, ba kunya ba tsoro, don ba ta san wuta ba. Kai ka san ta, kuma ka san makomar mai yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan. Idan ta ba ka hadisi, buɗe littafin da ta ambata ka gani da idonka. In ba ka iya ba, kai wa malamin da ya iya, kafin ka ɗora a shafinka.