Masu ƙona coci ba su karanta allon ƙofa ba

Kowace shekara, daga 18 zuwa 25 ga Janairu, Kiristocin duniya na da mako guda da suka keɓe don addu'ar haɗin kai tsakanin ɗariƙunsu. Al'adar ta faro tun 1908, kuma tun 1968 Fadar Paparoma da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ke zama tare su zaɓi ayoyin da za a karanta. A wurare da yawa makon kan zo ya wuce ba wanda ya lura. A Damagaram kuwa kwana biyu kafin ya kama akwai wata rana da ba Kiristan garin nan da ke buƙatar a tuna masa da ita.

Ranar 16 ga Janairun 2015 Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Aka cinna wa cibiyar al'adun Faransa wuta, aka bi coci-coci da gidaje da shagunan Kirista. Mutum biyar suka mutu a nan. Washegari wutar ta isa Yamai, inda hukuma da bakinta ta ce an ƙona coci 45, aka kuma rasa wasu rayuka biyar. Kirista wajen 300 na garin nan suka kwana ƙarƙashin gadin sojoji, mafi yawansu a cikin bariki. Wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunan matansu, kuma duk wanda zai ba da labarin ranar ya tsallake wannan, bai faɗi gaskiya duka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne, waɗanda suka zo da fetur ba su tsaya karanta allon ƙofa ba. Ba wanda ya tambaya ko nan ana yi wa jarirai baftisma ko sai mutum ya girma, ko Littafi Mai Tsarkin da ke kan bagade mai littattafai 66 ne irin na 'yan bishara ko mai 73 irin na Katolika. Mishan Katolika, wadda aka riga aka taɓa farmawa a Satumbar 2012, ta ƙone. Majami'un 'yan bishara ma sun ƙone. Bambancin da muka shekara da shekaru muna gadinsa kamar rumbun hatsi, a idon na waje ko alamarsa babu.

Gwaggona tana cikin waɗanda suka kwana a bariki. Tun ina yaro nake jin ta tana cewa Katolika masu yi wa gunki sujada ne, ko ruwan gidansu ba ta so mu sha. Da aka rarraba tabarmi sai ta faɗa kan guda ɗaya da wata 'yar Togo mai sayar da atamfa, mai carbin Katolika a wuya. Sanyin Janairu ne, zane ɗaya suka lulluɓa. Da na je duba ta na ce, "Gwaggo, yau ke ce da mai gunki a shimfiɗa ɗaya?" Sai ta harare ni ta ce, "Kai yaro, rufe mini baki. Ita ta riƙe ni da na kasa tashi."

To, ga inda nake da magana da shugabanninmu. Zumuntar da aka ƙulla a bariki ta gaske ce, amma tsoro ne ya ɗaura ta, shi kuwa tsoro yana sanyi. Da aka sake gina bango, aka sa sabon kwano, kowa ya koma bayan ƙofarsa. Yanzu haɗuwar ta fi yawa a wuri biyu: wajen jana'iza, da ranar da hukuma ta kira taro tana son ganin wakilan Kirista. Ni a ganina haɗin kan da sai gobara ta tashi ake tunawa da shi bai kai a kira shi haɗin kai ba.

Mu nawa ne ma da za mu iya wannan rarrabuwa? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. A nan Damagaram aikin ƙungiyar mishan ta 'yan bishara mai suna SIM ya fara a ƙasar nan, a 1924, lokacin garin nan ne ma babban birnin mulkin mallaka, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, kuma har yau in aka tara dukan masu zuwa sujada ranar Lahadi a garin, ba za su yi kusa da jama'ar da ke cika kasuwar Dole ranar Alhamis ba. Cikin wannan 'yar jama'a akwai Katolika, waɗanda tun 2001 ke ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi da ya haɗa Tawa, Agadas, Difa da mu. Akwai EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da ta fito daga aikin SIM a daidai lokacin samun 'yancin kai, akwai UEEPN, wata tarayyar ikilisiyoyin bishara, da ikilisiyar Salama da suka ɓalle daga jikinta daga baya, akwai Assemblées de Dieu, akwai kuma ƙananan majami'u na masu addu'a da ƙarfi da ke hayar gida a unguwanni.

Mutane na zaton babban ramin da ke tsakaninmu na koyarwa ne, wato maganar Maryamu, da Paparoma, da Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada don tunawa da Almasihu. Waɗannan bambance-bambance na nan, ban kuma raina su ba. Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, ba su ne ke hana fasto ɗaga waya ya kira takwaransa ba. Tambayi dattawan da suka ga rabuwar EERN da idonsu, ka ji ko a kan wata aya aka rabu. Za su ce maka shugabanci ne da riƙon dukiya. Mutanen da ke rera waƙa daga littafi ɗaya, suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki ɗaya, suka auri 'yan'uwan juna, su ne suka daina gaisawa.

Kuɗin waje na da hannu a ciki har gobe. Kowace ɗariƙa na da masu tallafa mata a Amurka, ko Turai, ko Najeriya, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yana son hoto da sunan ɗariƙarsa a jikin bango, yana son a ce masa an ƙaru da mutum kaza bana. A gari irin namu, ina za a samo wannan ƙari? Sai daga cocin maƙwabci. Shi ne abin da fastoci ke kira satar tumaki, kowa na kuka da ita, kowa kuma na yi in ya samu dama. Iyali ɗaya ya tashi daga wannan majami'a ya koma waccan, a can a rubuta rahoton nasara, a nan a ƙulla gaba ta shekara biyar, alhali yawan masu bi a garin ko mutum ɗaya bai ƙaru ba.

Akwai kuma wani rami da ba a cika son ambatonsa ba, na ɗan ƙasa da baƙo. Da yawa daga cikin Katolikan garin nan asalinsu Benin ne, ko Togo, ko Burkina Faso, ko kudancin Najeriya. Wasu ma'aikata ne da aiki ya kawo, wasu a nan aka haifi iyayensu. Bahaushen Kirista kuwa, wanda kawunsa liman ne a unguwa, yana ɗauke da wani kaya dabam. Kullum yana fama ya nuna wa danginsa cewa bin Almasihu bai mai da shi bature ba, bai kuma mai da shi mashayi ba. Shi ya sa maganar giya ke da zafi a wurinsa fiye da yadda ɗan Kwatano zai gane: ikilisiyarsa ta hana, Katolika ba su hana ba, shi kuma mutumin gari in ya ga mashaya sai ya ce ta Kirista ce, ba ruwansa da ɗariƙa. Shi ma baƙon yana da nasa ƙorafin. Yana ganin ranar da abu ya ɓaci ɗan ƙasa na da gidan dangi da zai shiga, shi kuwa sai tasha. Duk taron haɗin kai da aka yi shi da Faransanci zalla ya bar tsofaffin zumuntar mata a waje, wanda aka yi da Hausa zalla kuma ya bar wasu suna kallon rufi. Tafinta ba tsada gare shi ba, girman kai ne ke hana a nemo shi.

Na san abin da wasu 'yan'uwana masu bishara za su ce: haske ba ya tarayya da duhu, kuma daga addu'a tare ake fara sayar da gaskiya. Amsata ita ce ba wanda ya ce a narke a zama coci ɗaya. Ko Katolika, da suka buɗe ƙofar hulɗa da sauran Kirista tun babban taronsu na Batikan na 1962 zuwa 1965, ba su yarda a haɗa teburin Jibi ba. Kowa ya riƙe bagadensa. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya, don aiki ne na ranar Talata da Laraba.

Ɗauki maganar takardu. Dokar tsara harkokin ibada da majalisar dokoki ta amince da ita a Yunin 2019 ta sa gina wurin ibada sai da izinin hukuma. (A cikin hayaniyar wannan doka ce aka ƙona cocin Assemblées de Dieu a Maraɗi, duk da ba Kirista suka kawo ta ba.) Babbar ikilisiya na da wanda ya san hanyar ofisoshi, ƙaramar da ke hayar zaure ba ta da shi. Me zai hana a samu mutum biyu ko uku da suka san doka su duba takardun fili na kowace majami'a a garin, ba tare da tambayar ɗariƙa ba? Haka maganar gwauruwar da mijinta ya rasu dangi suka janye hannu, da ɗalibin da ya zo Jami'ar André Salifou daga nesa bai san kowa ba, da marar lafiyar da aka kawo babban asibiti daga Magariya ko Tanut ba mai kai masa abinci. Asusu ɗaya mai littafin lissafi a buɗe, wanda zumuntar mata na kowace coci ke da wakiliya a ciki, zai yi abin da wa'azi goma bai yi ba. Na ce mata da gangan. Su ba su jira izinin kowa ba, tuni suke zuwa suna da biki da ta'aziyyar juna. Mazan ne ke tsayawa lissafin wanda zai zauna a kujerar tsakiya.

A matakin ƙasa akwai AMEEN, ƙawancen da ya tara ikilisiyoyi da mishan na 'yan bishara, kuma ta yi amfani. Sai dai Katolika ba sa cikinta, kuma abin da aka tsara a Yamai ba lalle ya san halin da ake ciki a Sabon Gari ko Karkada ba. Wasu na cewa mu kwaikwayi CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wadda tun 1976 ta tara kowa a inuwa ɗaya. A nan ina da ja. Kiristan Najeriya miliyoyi ne masu nauyi a akwatin zaɓe, kuma ko can ɗin siyasa ta taɓa shiga ƙungiyar har Katolika suka janye jiki na ɗan lokaci. Mu da ba mu kai kashi ɗaya ba, in muka yi ƙungiya mai kama da jam'iyya, mun ba masu neman dalili abin da suke nema. Haɗin kan da zai amfane mu shi ne wanda in za a je gaisuwar Sallah a fadar Sarkin Damagaram a Birni, ko ta'aziyyar wani malami, za a tafi tare a mota ɗaya, maimakon kowa ya je shi kaɗai yana neman a san da shi. Limamin unguwa ya san fuskar fasto da ta limamin Katolika tun ana zaman lafiya, don ranar tashin hankali ba ranar gabatar da kai ba ce.

Ayar da aka zaɓa don makon addu'a na 2015, wanda muka yi shi cikin toka, ita ce maganar Yesu ga Basamariya a bakin rijiya, inda ya roƙe ta ruwan sha. Duk ɗan Damagaram ya san nauyin wannan roƙo. Gari ne da ke kan dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma in zafi ya yi, jarka ta fi mutum daraja a layin famfo. Da majami'un garin za su haɗa kuɗi su kafa tanki ko da a unguwa ɗaya ce, irin su Kara-Kara, ba allo, ba sunan ɗariƙa, kowa ya ɗiba, da sun yi wa maƙwabtan da suka ɓoye mu godiyar da har yau ba mu yi ta yadda ya kamata ba. Na san inda gardamar za ta tsaya: sunan wa za a rubuta a takardar biyan kuɗin ruwa. A bar wa matan wannan ma.

Gwaggo dai har yanzu ba ta taka cikin cocin Katolika ba, ta ce ita da gumakan nan sai a lahira a raba musu gardama. Amma in an tashi sujada ranar Lahadi takan hau kabu-kabu ta je ta zauna a inuwar bangon Mishan, ta jira ƙawarta ta fito, su wuce kasuwa sayen kayan miya.