Na'urar da ta tona asirin zoɓon Gwaggo

Ina karatun kimiyyar sinadarai a Wad Madani ta ƙasar Sudan malaminmu ya ce kowa ya zo da ruwa mai launi, a auna yadda yake shanye haske. Ni da na baro Mai Wurno nake zaune wurin Gwaggona mai sayar da zoɓo, ai abin nema ya samu. Na cika gora biyu, ɗaya daga tulun gida, ɗaya daga bokitin kasuwa.

Aikin na'urar da ake awon da ita shi ne ta harba haske ta 'yar kwalba mai faɗin santimita 1, ta faɗi nawa ya maƙale. Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, mai haɗiye koren haske wajen nanomita 520. Malam ya riga ya cusa mana dokar Beer ta 1852: ƙarfin shanyewar yana bin yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan, da tsawon hanyar da hasken ya ratsa, da halin ƙwayar kanta.

A ma'aunin shanyewar haske, na gida ya wuce 2, wato ko kashi 1 cikin 100 na hasken bai tsira ba. Na kasuwa kuwa layin da na'urar ta zana masa ya kwanta kamar wanda zazzaɓi ya kayar. Malam ya leƙa gorar, ya ce, "Gwaggonka na sa kanwa?" Na ce Allah ya kiyaye. Ya matsa lemon tsami, nan take ja ya dawo, layi ya ɗago. Ashe kanwa in ta kashe tsami, ƙwayar sai ta sake siffa ta daina shan koren. To da a nan ya tsaya da sauƙi. Ko da lemon, layin bai kamo na gida ba. Malam ya ce, "Sauran kuma Kogin Nilu ne." Aji ya ɗauki dariya.

Da yamma na iske Gwaggo da maƙwabta biyu suna sayen na buɗa-baki, na zayyana musu binciken tsaf, har da lambobi. Matan suka dubi juna.

"Kai ɗan nan, na'urar ce ke ciyar da kai?"

Da aka kira magariba kowa ya samu kofinsa ja wur. Ni ta miƙo mini ruwan randa.

"Ungo, malamin haske. Wannan babu kanwa, kai musu su auna."