Furen da ya koma taswira

Wata 'yar kafa da ba ta kai kan allura ba ita ta kunyata ni ran da na zauna yin zane da rini a kan siliki. Na ɗauko ƙyallen siliki irin habotai mai nauyin momme 8 (momme ma'aunin nauyin siliki ne), na wanke shi da ruwan ɗumi, na ɗame shi a firam ina soka fil duk bayan santimita 5, har ya yi tam kamar fatar ganga. Nan dai ban yi laifi ba.

Sai na zana fure da guta, danƙon nan da ake matsowa ta bakin 'yar kwalba don ya tare rini. Ƙa'idarsa, kowane layi ya haɗe ruf, ya kuma ratsa har bayan ƙyallen. Shi ya sa ake ɗaga firam a hasken taga a duba. Ni kuwa, gwani na kaina, na ce idona ya isa.

Na ɗiga jan rini a tsakiyar ganyen furen, yana bazuwa a hankali, ina ta murmushi. Can sai ya iske kafar nan a layin guta, kusa da karan furen. Kamar an buɗe wa awaki garke! Siliki yana shan rini ne ta zarensa, yadda lagwani ke shan kananzir, ko ɗan tsaga ya samu sai ya bi. Kafin in ajiye buroshi, ja ya mamaye rabin sararin da na tanadar wa shuɗi.

Na ce bari in rufa asiri da gishiri. Mai manyan ƙwayoyi yakan jawo rini ya bar zane kamar taurari, amma fa sai ƙyallen na da danshi kawai. Nawa ya jiƙe jagab, gishirin ya narke ya zama tabo.

Bayan kwana ɗaya na naɗe shi a takarda marar rubutu, na turara shi awa 2 a madambaci don rinin ya kama. Tawul ɗin da ake sa wa ƙarƙashin murfi don ya tsotse gumin tururi, shi na manta. Ɗigo uku suka sauka, kowanne ya bar farin da'ira.

Ƙanwata ta ɗaga shi, ta juya sama, ta juya ƙasa, ta ce, "Yaya, wace ƙasa ce wannan mai tafkuna uku?"