Ina ruwan hukuma da ko masu haya 'yan uwan juna ne?

A garin Fort Collins na jihar Colorado a Amurka, inda jami'ar Colorado State take, an shafe shekaru ana aiki da wata doka da mutanen gari ke kira U+2, wato kai da mutum biyu. A lokacin, in dai ba jini ko aure ne ya haɗa ku ba, ba ku da ikon wuce uku a gida ɗaya, ko da ɗakunan gidan sun kai biyar. Iyali kuwa ko su goma ne babu mai ce musu uffan. A watan Afrilun 2024 gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar da ta hana biranen jihar ƙayyade mazauna gida bisa dangantaka, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Yuli. An bar wa birane ikon sa iyaka kan abin da ya shafi lafiya da tsaro, kamar ƙa'idar gini da ta gobara da ƙarfin magudanar ruwa.

Ni dai ina tare da jihar a wannan batu. Gobara ba ta tambayar ko mazauna gida uwarsu ɗaya. Idan gida zai ɗauki mutum shida na iyali ɗaya lafiya lau, zai ɗauki ɗalibai shida. Abin da tsohuwar dokar ke aunawa shi ne irin mutanen da ake so a unguwa, kuma kowa ya san waɗanda ake kora: ɗalibai, da ƙananan ma'aikata, da baƙi masu haɗa kuɗi su kama gida. Yaranmu da ke karatu a can suna cikin wannan sahu, domin haɗa gida da abokan karatu shi ke sa kuɗin haya ya zo daidai aljihu.

Tushen abin yana kotu. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan ƙauyen Belle Terre na jihar New York, wanda ya hana fiye da mutum biyu marasa dangantaka zama tare, a shari'ar da ta taso bayan ɗalibai shida na jami'ar Stony Brook sun kama gida a can. Shekara uku bayan haka sai ga shari'ar Inez Moore, wata kaka a East Cleveland ta jihar Ohio. Laifinta shi ne ta riƙe jikoki biyu da ba uba ɗaya ba, ɗayansu mahaifiyarsa ta rasu. Dokar birnin ba ta ɗauki wannan a matsayin iyali ba, har aka yanke mata kwana biyar a gidan yari da tarar dala 25, kafin Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1977. A ƙasar Hausa, inda riƙon jika da ɗan ɗan'uwa abu ne na yau da kullum, wannan labari kaɗai ya isa ya nuna haɗarin barin ma'aikacin birni ya fassara mece ce iyali.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. A Boulder, wani birnin jihar Colorado, masu zaɓe sun ƙi amincewa da sassauta irin wannan doka a watan Nuwamban 2021, don haka suna ganin jiha ta taka ra'ayin jama'a. Maƙwabta kuma na kukan hayaniyar dare, da motoci da suka cika layi, da masu jari da ke saye gidajen iyali suna ba da haya ɗaki-ɗaki har farashi ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Duk gaskiya ne. Sai dai hayaniya tana da dokarta, shara da ajiye mota ma haka. A kama wanda ya yi laifi. Sannan waɗanda tsohuwar dokar ta fi cutarwa ba su da murya a majalisar birni: ɗalibi shekara huɗu yake yi ya tafi, ɗalibin ƙasar waje ba shi da ƙuri'a ko kaɗan, wanda tsadar haya ta kora zuwa wani gari kuwa can yake zaɓe.

Inda nake da ƙorafi da jihohi shi ne abin da ya biyo baya. Jihar Iowa ta yi doka irin ta jihar Colorado tun 2017. Garuruwan Ames da Iowa City suka koma ƙayyade yawan gidajen haya a unguwannin da ke kusa da jami'a, sai majalisar jihar ta sake hana wannan a 2019. A 2025 Texas ta bi sahu, abin da ya shafi dokar garin College Station da ta hana marasa dangantaka wuce mutum huɗu a gida ɗaya. Jami'o'in da ke waɗannan garuruwa, Iowa State da Texas A&M da Colorado State, duk mallakar jihohin ne. Su ke ɗaukar dubban ɗalibai alhali gadajen kwanansu ba su isa ba, sauran su bazu cikin unguwanni. Majalisar da ta ƙwace sandar daga hannun birni ita ce ke amincewa da kuɗin da jiha ke ba jami'ar, kuma a wannan zama ɗin ya kamata ta tambayi shugabannin jami'a ɗakin kwana nawa za su gina kafin su ƙara yawan ɗalibai.