Masu renon alƙalai a Amurka

Duk lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci mai tayar da ƙura, sai ka ji mutanenmu suna cewa aikin Trump ne. Ni dai ban yarda ba. Hannu kawai ya sa. Waɗanda suka yi aikin sun fara shi tun yana harkar gine-gine a New York.

A 1982 wasu ɗaliban shari'a masu ra'ayin riƙau a jami'o'in Yale da Chicago suka kafa Federalist Society. Aƙidarsu ita ce a fassara kundin tsarin mulki yadda aka fahimce shi a zamanin da aka rubuta shi. Tun yaro yana shekarar farko a karatun lauya suke jawo shi a jika, ya riƙa zuwa muhawara, a haɗa shi da manya, ya samu aikin taimaka wa wani babban alƙali nasu. Kafin ya yi furfura an karanta duk abin da ya taɓa rubutawa, an san shi ciki da bai.

Wannan bin diddigin yana da dalili. A 1990 Bush babba ya naɗa David Souter alƙali a Kotun Ƙoli, ana zaton nasu ne, yana hawa kujera ya riƙa bin ɓangaren masu sassauci. Ba su manta ba. Shi ya sa da Bush ƙarami ya kawo lauyarsa Harriet Miers a 2005, 'yan gidansa ne suka yi mata ca har ta janye, aka kawo Samuel Alito.

A 2016 abin ya fito fili. Alƙalin Kotun Ƙoli mai ra'ayin riƙau Antonin Scalia ya mutu a Fabrairu, Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, Mitch McConnell, shugaban masu rinjaye na jam'iyyar Republican a majalisar dattawa a lokacin, ya ƙi ko a saurare shi, wai shekarar zaɓe ce, a bari jama'a su zaɓa. Trump kuma ya fitar da jerin sunaye 11 da Leonard Leo na Federalist da cibiyar Heritage ta masu ra'ayin riƙau suka taimaka wajen tsarawa, ya ce daga irin waɗannan zai ɗauka. Da ya ci zaɓe, sai ya naɗa Gorsuch a 2017, Kavanaugh a 2018. Da alƙaliya mai sassaucin ra'ayi Ruth Ginsburg ta mutu a Satumbar 2020, McConnell ɗin nan dai ya tabbatar da Amy Barrett saura kwana 8 a yi zaɓe. Maganar a bari jama'a su zaɓa ta bi ruwa.

Haƙurinsu yana burge ni, kuma kafa ƙungiya ba laifi ba ne, ɗaya ɓangaren ma ya kafa tasa a 2001. Kuɗin ne ke damuna. Attajiri guda, Barre Seid, ya bai wa wata gidauniya da Leo ke jagoranta dukiyar dala biliyan 1.6, kuma sai a 2022 'yan jarida suka bankaɗo. Alƙalin da ake naɗawa har mutuwa ko murabus, babu mai iya sauke shi da ƙuri'ar jama'a, a ce masu biyan tallan da ke share masa hanya ba a san fuskarsu ba?

Na ga wasunmu suna murna da hukuncin 2022 da ya soke 'yancin zubar da ciki na 1973, suna ganin masu addini sun yi nasara. To, a tuna cewa a 2018 alƙalan wannan ɓangaren ne, 5 da 4, suka halatta dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe, yawancinsu na Musulmi, shiga Amurka. Chadi ta taɓa shiga jerin, a 2020 aka ƙara da Najeriya.

Shi kansa Trump ya gano alƙalan ba yaransa ba ne. A 2025, da wata kotun kasuwanci ta taka masa burki kan harajin kayan waje, fitowa ya yi a shafinsa yana zagin Leo, yana kukan an ba shi gurguwar shawara kan alƙalai.