Saƙon gargaɗin da ake turowa a gurup ba shi ne labarin tsaron intanet ba

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Abin da yawancinmu muka sani game da tsaron intanet bai wuce saƙon da ake turowa a gurup ɗin dangi ba: kada ka ɗaga kiran lamba kaza, za a kwashe maka kuɗi. Ba kwanan wata, ba sunan wanda ya faɗa. Sai saƙon ya yi shekara da shekaru yana yawo, alhali abin da ya sauya da gaske ya wuce mu ba mu ji ba.

Ku duba shuɗiyar alamar nan ta Twitter (wadda yanzu ake kira X). A da shaida ce cewa kamfanin ya tantance mai shafin. A Afrilun 2023 aka cire tsoffin alamomin, ta koma ta wanda ya biya kuɗin wata. Wanda labarin bai kai masa ba, har gobe in ya ga shafin "banki" da alamar sai ya sakankance ya tura bayanansa.

A ganina ba sai mutum ya bi kafofi ashirin ba, kaɗan masu tushe sun isa. ngCERT (cibiyar gwamnatin Najeriya mai kula da tsaron intanet) da NCC (hukumar sadarwa ta ƙasa) suna fitar da sanarwa kan sabbin dabarun kutse. Batun zuba jari kuwa, shafin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ake dubawa a ga ko kamfani yana da rajista. Da an yi haka, da CBEX, dandalin zuba jarin bogi, ba ta tafi da dukiyar mutane a Afrilun 2025 kamar yadda irinta MMM ta yi a Disambar 2016 ba. Hoto ko bidiyon da ake tababa a kai, a leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check. Minti goma sha biyar a mako ya wadatar.

Sai dai karatu kawai ba ya kare kowa. Duk labarin da ka gani, fara duba ranar da aka wallafa shi, sannan ka tambayi kanka: ya shafi wayata ko asusuna? In ya shafa, me zan taɓa yanzu? An ce bayanan wani kamfani sun fita, kamar na masu Facebook miliyan 533 da aka baza a 2021? Sa imel ɗinka a shafin Have I Been Pwned, zai nuna maka ko yana cikin bayanan da suka fita. In kalmar sirri na cikin abin da ya fita, sauya ta a can da duk inda ka maimaita ta, don ɓarawo gwada ta yake yi ƙofa ƙofa.

WhatsApp ne inda aka fi yi mana illa. Wani zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce daga gurup ɗin makaranta ne, za a yi taro, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka. Lambobin rajistar asusunka ne. Kana faɗa, ya ɗauke shi, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Tun kafin haka, shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa PIN mai lamba shida, ka haɗa da imel. Leƙa Linked devices ma, ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba. In an riga an ƙwace, sake rajista da layinka, hakan zai fitar da shi. Matsalar ita ce in ya riga ka sa PIN, za ka iya jiran kwana bakwai, don haka a kwanakin nan ka kira 'yan uwa ka ce kada kowa ya tura ko sisi.

Murya ma ta daina zama shaida, tunda manhajar AI tana kwaikwayonta daga ɗan gajeren sauti. In "Yaya" ya turo saƙon murya yana neman kuɗi cikin gaggawa, ajiye saƙon, kira shi a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da sai ɗan gida zai iya amsawa.