Katakon zamiya ɗaya ya ishe ka, in ka zaɓa da hankalin Kumasi

Yaranmu na Zango da suka bazu a Jamus da Italiya da Kanada sun fara hawa duwatsu suna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ina murna da hakan har cikin raina. Hotunansu na yawo a wayoyin iyayensu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ga hular kwano, ga tabarau, ga farin dutse a bayansu. Abin da ke damuna shi ne katakon da nake gani a ƙafafunsu. Ina zaune a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, garin da ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1964 da 1976, a shagon haya da gyaran kayan zamiya nake aiki, don haka da na kalli hoto nakan gane wanda ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa.

Ina magana ne da wanda ya wuce matakin koyo amma bai zama gwani ba. Yana sauka hanya mai shuɗiyar alama, wato mai sauƙi, hankali kwance, yana iya mai jar alama in ya nutsu, mai baƙar alama kuwa, wadda ta fi wuya, har yanzu tana sa gabansa faɗuwa. Irin wannan mutum katako guda yake bukata, wanda aka ƙera don ya bi ko'ina a jikin dutse.

Dalili shi ne dusar ba ta zama iri ɗaya ko da a wuni guda. Da safe za ka tarar manyan motoci sun daddale hanya cikin dare, ta yi tauri, ta yi sumul. Kafin azahar ƙafafun jama'a sun tattara ta tsibi-tsibi. Ɓangaren da rana ba ta taɓawa ya daskare, in kuma watan Maris ne, zuwa la'asar ta gindin dutse ta jiƙe ta yi nauyi. Katakon masu tsere, wanda faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa, bai kai milimita 70 ba, a kan tauri yake da daɗi, da ya shiga tsibi sai ya nutse ya fizge ka. Mai faɗin da ya haura 105 kuwa na sabuwar dusa mai zurfi ne, a daskararriyar hanya sai ka sha wuya kafin kaifin gefensa ya kama, gwiwa ce ke biyan kuɗin. Na ko'ina yana tsakanin 80 da 100. Ga mai zuwa duwatsun Alps ni na fi son 84 zuwa 92, wanda ke yammacin Kanada inda dusa ta fi zuba zai iya matsawa kusa da 100. Lambar da ke jikin sunan yawanci ita ce faɗin, kamar Salomon QST 92 ko Elan Ripstick 88. Ƙirarsa ma tsaka-tsaki ce: tsakiyarsa na da ɗan doro da ke danna kaifi cikin tauri, bakinsa kuma a ɗage yake don ya hau kan tsibi maimakon ya soke shi.

Mutanen Tirol, jihar da Innsbruck take, sukan ajiye katako iri biyu ko uku a ɗakin ƙasa, su leƙa taga da safe su ɗauki wanda ya dace. Ba na ganin laifinsu. Yaronsu tun yana shekara uku ko huɗu ake ɗora shi a kai, makarantu ma kan kwashi ɗalibai mako guda zuwa dutse. Mu da girmanmu muka fara, kwanakin da aiki ke bar mana a damina ɗaya ta sanyi ba su da yawa, tikitin hawa na wuni a manyan wurare ya haura Yuro 60, ga kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsofaffi na jira a gida. Kwaikwayon ɗakin ajiyarsu ba namu ba ne.

Mu muna da namu ilimin, a Kumasi muka taso da shi. Alhajin da ke fataucin doya ko shanu tsakanin Kumasi da ƙauyukan arewa, in zai sayi mota, tambayarsa ita ce ko za ta bi kwalta ta kuma bi jar ƙasa bayan ruwa, da ko ana samun kayanta a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota ta Kumasi. Hanyar da yake bi kullum ita yake saya wa mota. Yana ba ni takaici in ga yaran da suka girma suna jin irin wannan lissafi sun je Turai suna sayen kaya don ido.

Da na zo gida hutu, a wajen shan ataya a Aboabo, ɗan yayata da ke aiki a Munich ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba wannan, irin na masu gasa ne, an ce babu kamarsa." Na ce masa, "Ɗana, gaskiya aka faɗa maka, amma babu kamarsa a ƙafar wa?" Katakon da maza ke tseren manyan lanƙwasa (giant slalom) da shi a gasar duniya, doka ta ce rabin faɗin da'irar juyinsa kada ya gaza mita 30. Na ko'ina yakan juya a mita 15 zuwa 18. A hanyar da ke cike da yara da masu koyo, wanda ke kan na farko ko dai ya yi gudun da bai iya tsayarwa ba, ko ya wuni yana jan birki. Ko a cikin na ko'inan ma akwai masu faifan ƙarfe a ciki, irin su Völkl Mantra da Nordica Enforcer. Kaya ne masu kyau ƙwarai, sai dai suna son nauyi da gudu da ƙarfin cinya kafin su lanƙwasa. Mai matsakaicin hannu ya fi ci gaba a kan mai cikin itace, mai ɗan laushi, wanda in ka yi kuskure ba ya jefar da kai nan take.

Kada wani ya ce fara wa da girma ne ke hana mu. Kwame Nkrumah-Acheampong yana dab da shekara 30 ya fara koyo, a wani rufaffen filin dusa a Milton Keynes ta Ingila inda yake aiki, kuma a 2010 ya tsaya wa Ghana a Olamfik ta Vancouver, ɗan ƙasar na farko a gasar sanyi. Abin da ke kai mutum gaba shi ne yawan sa'o'in da ya yi yana juyi daidai, katakon da ke gajiyar da kai kafin azahar kuwa sa'o'in nan yake cinye maka.

Akwai wurin da ɗabi'armu ta gida ke da haɗari, kuma dole in faɗa. Mun saba da gwanjo, mun saba da cewa babu abin da ba ya gyaruwa. Rigar sanyi da ka tsinta a kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Accra za ta yi maka aiki, katako na hannu ma babu laifi in kaifinsa bai cinye ba kuma jikinsa bai ɓare ba. Amma maɗaurin da ke riƙe takalmi daban ne. An yi shi ne don ya sake ka idan ka faɗi, kafin gwiwa ta murɗe, gwiwa kuwa ita ce gaɓar da aka fi ji wa rauni a wannan wasa. Ana saita shi da nauyinka da tsawonka da shekarunka da tsawon tafin takalmin da irin hawanka, sannan a gwada a na'ura. Ba a murɗa shi da sukundireba a gida bisa ƙiyasi, ba a kuma aron na aboki a hau haka nan. In ya tsufa robarsa kan bushe, shaguna da yawa ba sa ma yarda su taɓa shi, kuma suna da gaskiya. Takalmi shi ma kada ka saya ta waya. Ka sa ƙafarka a ciki, ka tsaya, ka durƙusa, ka ji ko diddige na ɗagawa.

Tsawon katakon ya tsaya tsakanin haɓarka da goshinka. Kafin ka biya, ka yi hayar iri biyu ko uku masu kusan faɗi ɗaya ka wuni a kansu, musamman da yamma lokacin da hanya ta lalace, don a nan ake gane na kirki. Sannan ka jira ƙarshen Maris ko Afrilu, lokacin da shaguna ke karya farashi don su kwashe kaya. Ƙirar bara sau da yawa fenti ne kawai ya raba ta da ta bana.